Baƙin da Suka Zama Masu Masauki: Ƙoƙi da Hidimar Kiristocin Kano ga Marasa Galihu

Ƙoƙi unguwa ce da ta tashi a kan saukar baƙi. Tun zamanin da ayarin fatake ke tasowa daga Gwanja da goro, su koma da jar kanwa da turkuɗi da jan fata, gidajen wannan yanki na arewacin Kasuwar Kurmi suke da zauruka masu faɗi da ɗakunan baƙi a ƙofar gida. Fatoma shi ne gatan falke. Shi zai sauke shi, ya ciyar da shi, ya ajiye masa dukiya, ya nemo masa dillali, in rigima ta taso kuma ya tsaya masa a gaban alƙali. Da magariba za ka ga yaro ya fito daga cikin gida da akushin tuwo da ƙwaryar fura ya ajiye a gaban baƙo, an shimfiɗa masa tabarma, an cika masa buta, ba kuwa wanda zai tambaye shi ranar tafiyarsa. A cikin wannan tarbiyya Alhassan Ɗantata ya kafa gidansa a Sarari da ke manne da Ƙoƙi, ya rasu a 1955 ya bar zuriyar da har gobe ƙofofinta ba sa rabuwa da mabuƙata. Ɗansa Alhaji Aminu Ɗantata, wanda ya rasu a watan Yunin 2025, shi ya gina cibiyar wankin ƙoda a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da sunan mahaifinsu.

Babu coci a Ƙoƙi, kamar yadda babu a sauran unguwannin da ke cikin badala. Duk da haka da wuya ka zauna a majalisar dattawan unguwar ka rasa wanda aka taɓa kankare wa yanar ido a asibitin mishan, ko wanda ya taɓa raka mahaifiyarsa can. Tafiyar 'yan mintuna ce a Adaidaita Sahu, ka fita ta Ƙofar Mazugal ka ratsa Fagge. A wannan gajeriyar tazara akwai tarihin da ya haura shekara ɗari, na mutanen da Kano ta sauke a bayan gari, su kuma suka buɗe ƙofa ga waɗanda suka fi kowa wuyar saukewa: makafi da kutare.

Baƙin da aka sallama

Kiristocin farko da suka shigo Kano a rubutaccen tarihi matafiya ne, kuma birni ya yi musu abin da ya saba yi wa kowane baƙo. Hugh Clapperton ya sauka a 1824, Heinrich Barth da ake kira Abdulkarim ya zo a 1851, Charles Robinson kuma ya iso a ƙarshen 1894 yana tattara kalmomin Hausa. An ba su masauki, an aika musu da abinci, sun gama abin da ya kawo su sun wuce.

A 1900 lamarin ya sha bamban. Bishop Herbert Tugwell ya jagoranci tawagar ƙungiyar CMS, cikinsu har da likita Walter Miller, suka iso da niyyar zama su yi wa'azi. Sarki Alu Babba ya sa aka sauke su, amma ya ƙi amincewa da buƙatarsu, ya ba su 'yan kwanaki su bar garin. Suka koma Girku a ƙasar Zazzau. Daga baya Miller ya zauna a birnin Zariya, har mishan ɗin ya koma Wusasa a 1929, inda asibitin St. Luke yake har yanzu.

Da Turawa suka ci Kano a 1903, sai suka riƙe alkawarin da suka yi wa sarakuna na cewa ba za su taɓa addini ba, suka hana 'yan mishan kafa tasha a cikin biranen Musulmi. Jirgin ƙasa ya iso a 1911, ya kwaso akawuna da ma'aikata da 'yan kasuwa daga Kudu da Saliyo da Gwalkwas, yawancinsu Kiristoci. Aka yanka musu Sabon Gari wajen 1913. Tun daga lokacin aka raba zama: Musulmi 'yan ƙasa a ciki, baƙi a waje.

Rabuwar ba ta hana hulɗa ba, kuma wani ɗan Ƙoƙi na cikin waɗanda suka fara tabbatar da haka. Alhaji Mahmudu Ƙoƙi, wanda aka haifa a 1894 ya rasu a 1976, almajiri ne da ya yi karatun allo da na littattafai kafin ya shiga makarantar boko ta Ɗan Hausa a Nasarawa. Yana cikin malaman da suka yi shekaru suna aiki da G. P. Bargery wajen haɗa babban ƙamus ɗin Hausa da ya fito a 1934. Bargery limamin Kirista ne da ya fara zuwa ƙasar nan a matsayin ɗan mishan. Sun yi zama tabarma guda suna tantance kalma bayan kalma, kowa riƙe da addininsa, suka bar wa Hausa gadon da har yau ɗalibai ke ci.

Abin da addininsu ya ɗora musu

Wanda bai zauna da Kiristoci ba zai iya ɗauka cewa gina asibiti da ciyar da mayunwaci dabara ce kawai ta jan mutane. Gaskiya ne ba su taɓa ɓoye burinsu na yaɗa bishara ba. Amma kula da baƙo da mara lafiya ibada ce mai zaman kanta a wurinsu, wadda suke sa ran za a tambaye su a kanta ranar hisabi. A Linjilar Matiyu sura ta 25, Annabi Isa (AS), wanda suke kira Yesu Almasihu, ya lissafa mayunwaci da mai ƙishi da baƙo da mara sutura da majinyaci da ɗan kurkuku, ya nuna cewa duk abin da aka yi wa ɗayansu kamar shi aka yi wa. A Linjilar Luka akwai labarin Basamariyen da ya tsinci mutumin da 'yan fashi suka jikkata, ya ɗaure masa raunuka, ya kai shi masauki ya biya kuɗin jinya, alhali ba ƙabilarsu ɗaya ba, ba kuma aƙidarsu ɗaya ba. Labarin Annabi Ibrahim (AS) da baƙin da ya yanka wa ɗan maraƙi, ashe mala'iku ne, yana cikin littafinsu kamar yadda yake cikin Alƙur'ani. Tun ƙarni na huɗu wani bishop mai suna Basil ya gina babban masauki a wajen birnin Kaisariya, a ƙasar Turkiyya ta yau, domin matafiya da matalauta da kutare.

Musulmi ba ya buƙatar a je da shi nesa kafin ya gane wannan hali. Lokacin da Ƙuraishawa suka matsa wa sahabbai a Makka, wajen shekara ta 615, wurin Najashi sarkin Habasha Manzon Allah (SAW) ya tura su. Sarkin Kirista ne a lokacin. Ya ba su mafaka, ya saurari Ja'afar ɗan Abi Ɗalib yana karanta Suratu Maryam, ya mayar da jakadun Makka da kyaututtukansu ba tare da ya miƙa ko mutum guda ba. Hijirar farko a Musulunci a masaukin Kirista ta sauka, kuma kowane ɗan Islamiyya a Ƙoƙi ya san wannan ƙissa.

Yadakunya

Kano ba ta taɓa zama garin da ke watsar da nakasassu ba. Akwai Sarkin Makafi, akwai Sarkin Kutare, akwai sadakar Juma'a da zakka da tuwon dare da ake fitarwa. Abin da babu shi ne magani. Kuturu yana samun na bakin salati, amma hannu yana ci gaba da guntulewa, mutane kuma na ƙyamar haɗa kwano da shi.

Hukumar En'e ta Kano ta fara kafa sansanin kutare a Sumaila. A zamanin Sarki Abdullahi Bayero, wajen 1937, aka yi yarjejeniya da ƙungiyar mishan ta SIM ta karɓi aikin, aka kafa sabon mazauni a Yadakunya da ke ƙaramar hukumar Ungogo a yau, wanda mutane suka fi sani da asibitin Bela. A tsakanin waɗannan shekaru aka yi irin wannan tsari a Babbar Ruga ta Katsina da Amanawa ta Sakkwato. Ƙofar da aka rufe wa masu wa'azi a 1900 ita aka buɗe wa masu jinya, da yardar sarakuna, domin sun ga talakawansu na cikin wahalar da ba su da maganinta.

Aikin ba na mai ƙyanƙyami ba ne. Kullum safiya sai an jiƙa ƙafafun da suka daina jin zafi a ruwa, a kankare kantar, a wanke gyambo, a ɗaure da bandeji. Maganin da ake da shi a farko allurar wani mai ne da ake tatsa daga 'ya'yan wata bishiyar Indiya, mai zafi ƙwarai, amfaninsa kuma kaɗan. Sai a ƙarshen shekarun 1940 ƙwayar dafson ta shigo, aka fara sallamar mutane da takardar shaidar warkewa. Majinyata suna noma, suna saƙa, suna aure, har mazaunin ya zama gari sosai.

Akwai kuma abin da ya sosa zukata. Ana raba jarirai da iyayensu mata masu cutar domin kada su kamu, a rene su a hannun 'yan mishan, wasunsu kuma suka tashi Kiristoci. Sarakuna sun yi ƙorafi, gwamnati ta gindaya sharuɗɗa kan koyar da addini ga yaran Musulmi. Masaniyar tarihi Shobana Shankar ta bi diddigin wannan zamani a littafinta na 2014, ta nuna yadda wasu daga cikin waɗanda suka warke suka zama malaman asibiti da masu ba da magani a ƙauyuka, suka zama wani ɓangare na tushen Kiristocin Hausawa. Mafi yawan majinyatan kuwa da Musuluncinsu suka shiga, da shi suka fita. Darasin da ya fito fili shi ne jama'a sun rungumi jinyar hannu bibbiyu, sun kuma ja da baya a duk inda suka ji ana neman a karɓi imaninsu a matsayin ladan magani.

Gwamnati ta karɓe asibitocin mishan da dama a shekarun 1970, Yadakunya na ciki. A ƙetaren iyaka aikin SIM bai tsaya ba: asibitin Galmi da aka buɗe a 1950 da cibiyar Danja kusa da Maraɗi har yanzu suna karɓar Hausawan Nijar da na Najeriya.

Safiya a asibitin ido

Abin da ya rage a hannun Kiristoci a Kano, ya kuma fi shiga rayuwar mutanen cikin gari, shi ne asibitin ido. Likita Douglas Hursh na SIM ya buɗe shi a 1943 a kan titin da har yau ake kira Mission Road. Da SIM ta miƙa ayyukanta ga cocin ECWA a 1976, asibitin ya koma hannun 'yan ƙasa, su ke tafiyar da shi har yanzu tare da tallafin ƙungiyoyi irin su CBM ta Jamus.

Tun kafin rana ta ɗaga layi yake cika. Ga tsoho da rawani, jikansa na gaba riƙe da bakin sanda shi kuma yana riƙe da ƙarshenta. Ga Bafulatana da goyo, ga Buzu daga Agadas, ga 'yan Hadejia da Daura da Damagaram da suka kwana a hanya. Masu rakiya sun shimfiɗa tabarmi a inuwa, da fulas ɗin kunu da ƙullin goro. Ma'aikata suna fara aiki da addu'arsu ta Kirista, in azahar ta yi kuma majinyata su ɗauki butoci su fuskanci gabas. Ma'aikaciyar jinya 'yar Kudancin Kaduna ko Filato za ta durƙusa ta ce, "Sannu Baba, buɗe idon a hankali," ta ɗiga masa magani, ta share masa abin da ya gangaro a kumatu.

Aikin yanar ido ba ya ɗaukar lokaci mai tsawo. Ana cire ƙwayar da ta yi fari a sa ta roba a madadinta. Washegari ake cire bandeji, kuma wanda ya taɓa tsayawa a wurin ba ya mantawa. Tsohon da ya shekara uku ko huɗu a duhu zai ƙifta ido, ya ɗaga hannunsa ya dube shi, ya juya ya kalli yaron da ke jansa, sai ka ji ya ce, "Alhamdu lillahi! Kai ne ka girma haka?" Ribar ba ta tsaya kan tsohon kaɗai ba. Yaron da aka cire daga makaranta domin jagora zai koma aji, surukar da ta bar sana'a domin jinya za ta koma kan kekenta.

Asibitin yana kula da hawan jinin ido da amosanin ido, yana horar da likitoci da ma'aikatan jinya, yana kuma cikin wuraren da aka sani da jinyar kansar ido ta ƙananan yara. Ana biyan kuɗi, domin magani da dizal ba kyauta ake samunsu ba, kuma tsadar rayuwa ta sa talaka na jin nauyin hakan. Yau ba shi kaɗai ba ne a fagen: akwai asibitin ido na Makka da gidauniyar Al-Basar ta kafa, akwai sassan ido a asibitocin gwamnati. Wannan ita ce irin tserereniyar da ta dace da masu addini, kowa na neman ya riga ɗan'uwansa share hawayen mabuƙaci.

Ranakun da aka gwada maƙwabtaka

Ba za a ba da wannan labari da gaskiya ba in aka tsallake jinin da ya zuba tsakanin birni da Sabon Gari. An yi rikici a 1953, an yi a 1982, an yi a watan Oktoban 1991 kan zuwan mai wa'azi Reinhard Bonnke, an sake yi a watan Mayun 2004 bayan kashe-kashen Yelwan Shendam. Kowanne ya bar marayu a ɓangarorin biyu. A cikin irin waɗannan ranaku ne kuma aka ga masu gida Musulmi sun ɓoye 'yan hayarsu Kiristoci a ƙuryar ɗaki, aka ga Kiristoci a Sabon Gari sun rufa wa maƙwabtansu Hausawa asiri har ƙura ta lafa. Yawancin waɗannan mutane ba a rubuta sunayensu a ko'ina ba.

A watan Janairun 2012, lokacin zanga-zangar cire tallafin man fetur, matasa Kiristoci sun yi wa Musulmi zobe suna gadinsu yayin da suke salla a dandalin Silver Jubilee, Musulmi kuma suka rama ziyara a coci-cocin Sabon Gari ranar Lahadi. Kwanaki kaɗan bayan haka, ranar 20 ga wata, Boko Haram ta kai harin da ya kashe mutum fiye da 180 a Kano, ba ta tambayi addinin kowa ba.

Daga Yola aka samu misali mafi girma na wannan zamani. Da mayaƙan Boko Haram suka mamaye Mubi da Michika da Madagali a 2014, Bishop Stephen Dami Mamza ya buɗe harabar babban cocin St. Theresa ga dubban 'yan gudun hijira, Kiristoci da Musulmi. A 2021 cocin ya miƙa wa waɗanda ba su iya komawa gida ba gidaje 86 a Sangere-Marghi, ya gina musu makaranta da coci, ya kuma gina wa Musulmin cikinsu masallaci. Wasu mabiyansa sun soke shi a kan haka, bai fasa ba. A Filato kuwa Liman Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar ya ɓoye mutum 262, yawancinsu Kiristoci, a masallacinsa da gidansa ranar 23 ga Yunin 2018, ya tsaya a ƙofa yana roƙon maharan da suka biyo su. Mutanen biyu ba su bar addininsu domin su yi wannan ba. Addinin ne ya sa su.

Abin da ya rage a wuyanmu

Hausawa na cewa baƙonka annabinka, suna kuma cewa alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Kiristan Kano ya daɗe da wuce matsayin baƙo. Akwai waɗanda kakanninsu a Sabon Gari aka haife su, akwai kuma Hausawa Kiristoci na asali a ƙauyukan Rano da Sumaila da Tudun Wada da Ƙaraye waɗanda ba su da wani gari sai nan. Bayan asibitin ido, 'yan'uwa mata na St. Louis da suka zo daga Ayalan a 1948 sun karantar da 'ya'ya mata masu yawa, cikinsu har da 'ya'yan Musulmin cikin gari. Ƙungiyoyin zumuntar mata na coci-coci suna kai abinci asibitoci da gidajen yari ba tare da an ji su a rediyo ba. Faɗin wannan gaskiya ba ya rage wa Musulmi komai, domin addininsa ya koya masa cewa godiya ga mutane na cikin godiya ga Allah.

Su ma masu hidimar akwai amanar da ke kansu. Mai yunwa da mara lafiya da maraya ba su da ƙarfin cewa a'a, don haka duk wanda ya ɗauki nauyinsu, Kirista ne ko Musulmi, wajibi ne ya tsare musu mutuncinsu da imaninsu, ya bi dokar ƙasa, ya yi aikinsa a sarari yadda dangi da hukuma za su gani. Amincin da asibitin ido ya samu a zukatan Kanawa cikin shekara fiye da tamanin daga nan ya samo asali.

Aikin kuma bai ƙare ba. Tun 1995 ake raba maganin kuturta kyauta a duniya, kuma cutar na warkewa sarai cikin wata shida zuwa shekara guda, amma har yanzu ana samun dubban sababbin masu kamuwa a Najeriya kowace shekara, da yawa ba sa zuwa asibiti sai ta riga ta yi musu illa saboda tsoron tsangwama. Tsofaffin da suka rage a Yadakunya suna buƙatar takalman da za su kare ƙafafunsu, da abinci, da masu ziyara. A ƙauyuka akwai dubban tsofaffi da ke zaune a duhu saboda yanar da aikin ƙasa da awa guda zai kawar. Ƙoƙi tana da attajirai da al'adar bayarwa, Sabon Gari da kewayenta suna da likitoci da gogewar shekaru. Attajirin da ya ware wani kaso na sadakarsa ya biya wa talakawa ɗari kuɗin aikin ido, a kowane asibiti ne, ya ci gaba da sana'ar kakanninsa ta fatoma. Limami da fasto da suka sa ranar Lahadin ƙarshe ta Janairu, ranar tunawa da masu cutar kuturta ta duniya, suka tafi Bela tare da jama'arsu da buhunan hatsi, za su yi wa zaman lafiyar Kano aikin da taron otal goma ba zai yi ba.